Ina Mazarin Lambun Nan?

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma na san wata za ta ce lallai wannan baiwar Allah ta rasa aikin yi, duk matsalolin da suka ishi mata ba ta ga na magana ba sai ƙwaro. To ki yi haƙuri ki bi ni a hankali, in mun kai ƙarshe kya yanke mini hukunci.

Ni dai tun ina aji biyu na sakandare nake karatun littattafan soyayya. A wancan lokaci, cikin shekarun 1990, haya muke karɓowa a shago, mu ɓoye a ƙarƙashin filo ko cikin littafin lissafi, mu karanta da fitilar ƙwai har idonmu ya yi ja. Yanzu da girma ya zo ban daina ba, sai dai a waya nake karantawa, wani lokaci ma saurara nake yi ina tuƙa tuwo. Saboda haka kada a ɗauke ni cikin masu cewa littattafan nan su suka ɓata tarbiyya. Ni sun koya mini karatun Hausa da kyau, sun koya mini girki da kwalliya da yadda mace za ta buɗe baki ta faɗi abin da ke cinta a gidan miji. Wanda yake ƙaunar abu shi ya fi cancanta ya faɗi aibinsa.

Aibin da na gani shi ne lambu.

Ke ma kin san wurin. Maigadi ya wangale get, mota ta sulala ciki, sai ga gida kamar ba a ƙasar nan ba. Can gefe akwai lambu, ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa darduma, furanni kala-kala masu ƙamshi, fararen kujeru, ga wani kwamin ruwa garai-garai ana hango ƙasansa. Nan saurayi zai zauna, nan budurwa za ta fito tana tafiyar hawainiya da tiren lemo a hannu. Tsuntsaye kuma suna ta kuka mai daɗi. To don Allah waɗanne tsuntsaye? Kurciya ce, ko kanari, ko cilakowa? Furannin nan kuma na wane itace ne? Shiru kake ji. Marubuciyar da ta iya jero miki sunan leshi da atamfa da shadda, ta faɗa miki irin humrar da yarinya ta shafa da turaren wutar da ta tsuguna a kai, ta lissafa miki kayan haɗin miyar da aka kawo wa baƙo har da yawan albasa, ita ce da an zo lambu sai bakinta ya mutu, sai "furanni" da "tsuntsaye" kawai. Dalili kuwa a fili yake. Atamfa ta san ta, ta taɓa ta da hannunta, ta yi cinikinta a kasuwa. Lambun kuwa a fim ɗin Indiya ta gan shi, daga nan ya shiga littafi, daga littafi ya shiga finafinanmu na Hausa, kowa na kwafar na kowa har ya zama ba wanda ya tuna cewa lambu wuri ne da abubuwa masu rai suke zaune.

Abin dariyar ma, mazari yana cikin kusan kowane littafi. Da zarar miji ya daka tsawa, ko an kama yarinya da wasiƙa, sai a ce jikinta ya hau rawa kamar mazari. Haka muke faɗa a baki, ba laifi. Amma ban taɓa karanta inda mazarin da kansa ya gifta ta gaban masoya ya sauka a kan ruwan nan ba. Na tambayi ɗiyata ko ta san mazari, ta ce ai wani abu ne mai karkarwa. Ba ta san na kaɗi ba, wanda kakanninmu ke murzawa a kan tasa suna fitar da zare, ba ta kuma san mai fiffike ba. Suna ya rage, masu sunan sun tafi.

Marubutanmu na farko ba haka suke ba. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a nan Katsina, da ya tashi rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, aku ya ɗora a kan kujerar mai ba da labari, dabbobi da tsuntsaye kuma kowa da sunansa da halinsa. Tatsuniyoyin da aka yi mana a dandali ma haka suke, kura da dila da zomo da Gizo da Ƙoƙi, kowa ka san abincinsa da inda yake kwana.

Bari in kai ki lambun da na sani. Ƙauyenmu yana tsakanin Batsari da Safana, ƙasar Ruma, inda in kika hau tudu da yamma kina hango duhun Dajin Rugu. A bayan gari akwai kududdufin da aka haƙa tun kakanni ana ɗibar ƙasar gini, ya zarce ya haɗu da wata 'yar fadama. A bakin fadamar nan kakata take da garka, an kewaye da ƙaya, tana shuka yakuwa da kuɓewa da tattasai da lalo. Ba kujera ko ɗaya, kututturen giginya muke zama a kai. Amma ke, rai! Bado ya rufe rabin ruwa da fararen furanninsa, kainuwa na yawo inda iska ta kaɗa ta, kwaɗi in dare ya yi ba mai jin maganar wani. Balbela na bin shanun Fulani da suka zo shan ruwa, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, tsattsewa na shaftar ruwa tana wucewa. In rani ya yi ruwa ya ƙafe, yara maza su zo da fartanya suna tonon gaiwa a cikin busasshen laka. Ga gawo babba a gefe, wanda shi kaɗai yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ga tsamiya, ga kanya, ga magarya da muke cika bakin zane da 'ya'yanta.

Mazari kuwa ba a magana. Akwai ja wur, akwai shuɗi, akwai mai ruwan ɗorawa da yake zuwa da yawa kamar an yi shela. Mukan lallaɓa mu kama shi ta fiffike mu ɗaura masa zare a wutsiya, wai mun yi jirgin sama. Kakata in ta gani sai ta ce, "Ke 'yar nan, sake shi, me ya ci miki? Wannan da kike gani ma'aikaci ne." In shamuwa ta sauka a kan kukar gari, masu ruwan ɗorawar nan kuma suka cika sama, sai ta ce a fiddo iri a duba, ruwa ya kusa.

Ban gane aikin da take nufi ba sai da na girma na yi karatu. Ashe mazari ɗan ruwa ne kafin ya zama ɗan sama. Uwar a ruwa take saka ƙwai, shi ya sa kike ganin tana tsoma wutsiya tana ɗagawa. Abin da ke fitowa daga ƙwan wani ɗan ƙwaro ne mummuna mai launin laka, ba fiffike, yana kwance a ƙasan ruwa ko maƙale a jikin ciyawa yana farauta. Yana da wani leɓe a naɗe a ƙarƙashin kai da yake harbawa ya cafko abinci, cikin abincin nan kuwa har da tsutsar sauro. Wani iri yakan yi makonni a haka, wani watanni, wani ma fiye da shekara. Ranar da ya isa, sai ya hau karan ciyawar da ta fito daga ruwa, bayansa ya tsage, mazari ya fito ya shanya fiffike ya tashi, ya bar tsohuwar rigarsa a maƙale. Mun sha ganin rigunan nan a jikin ciyawa muna yara, muna cewa ƙwaro ne ya mutu a tsaye. Da ya tashi kuma farautar ba ta ƙare ba, sauro da ƙananan ƙudaje yake kamawa a sama.

Kin ga ke nan kwamin ruwan littafi ba zai taɓa fitar da mazari ba. An shafe shi da tayil, an zuba masa sinadarin kulorin, ba laka, ba ciyawa, ba karan da ɗan mazari zai hau. Marubuciyar ta yi gaskiya ba da saninta ba, lambun nata ba kowa a ciki.

Shi mai ruwan ɗorawar nan kuma matafiyi ne na gaske, ruwan sama yake bi ƙasa-ƙasa, yana saka ƙwai a tafkunan damina, 'ya'yansa su girma cikin kamar mako shida kafin ruwan ya ƙafe. A 2009 wani masani mai suna Charles Anderson, da ke zaune a tsibiran Maldibs, ya fitar da bayanin cewa irin wannan mazarin yana tasowa daga Indiya ya ƙetare teku, tafiyar fiye da kilomita 3,000, ya sauka a gabashin Afirka. Da na karanta sai da na yi dariya ni kaɗai. Mun je Indiya mun kwaso lambun roba da rawa a cikin furanni, shi kuwa abin da yake iya tahowa daga can da fiffikensa ba mu ko kalle shi ba.

Da a takarda abin ya tsaya da ban ɓata tawada ba. Amma abin da yarinya ta karanta tana 'yar shekara sha biyar shi take mafarki, ranar da Allah ya buɗa wa mijinta kuma shi za ta ce a yi mata. Ku zaga sababbin unguwannin Katsina ku gani, kai har Batsari da Dutsin-ma. Da an samu kuɗi sai a sare bedin tsakar gida wai yana zubar da ganye, a tumɓuke zogale wai na talakawa ne, a malale ko'ina da siminti ko intalok, a jera furen roba a bakin ƙofa. Watan Afrilu na zuwa gidan ya koma tanda, yara ba inda za su taka da rana. Ni ma ba zan wanke kaina ba, na yi. Shekarar da muka tare a gidanmu ni na matsa wa maigidan a shafe tsakar gida tas, don kada ƙawaye su zo su ga ƙasa. Wata rana da damina ina shanya sai na ga mazari yana ta dukan murfin motar maigidan da wutsiya, ya tashi ya dawo, ya tashi ya dawo. Ashe ƙyallin fenti yake ɗauka ruwa ne, ƙwai take sakawa a kan ƙarfe mai zafi. Wallahi sai da na ajiye kayan shanyar na zauna.

Na san abin da uwargida za ta ce, kuma tana da gaskiya: "Wato so kike mu tara ruwa a gida sauro ya cinye mana 'ya'ya?" A'a, ban ce ba, kuma duk wanda ya ce miki ki haƙa tafki a tsakar gida a ƙasar nan don ki jawo mazari, bai taɓa kwana a asibiti da yaro mai zazzaɓi ba. Turawan da ke yin haka a lambunansu a Ingila ba su da cizon sauro irin namu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Kududdufin da nake yabo ma ba waliyyi ba ne. A cikinsa yara maza ke kwaso tsargiya su riƙa fitsarin jini, don ƙwayar cutar a jikin katantanwar ruwa take girma. Daga irin ruwan nan iyayenmu suka sha kurkunu, wanda sai a 2013 aka tabbatar ƙasar nan ta rabu da shi. Kuma ba damina da ba a jin yaro ya nutse a wani gari. Mazari ba ya maye gurbin gidan sauro, ba ya maye gurbin maganin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina.

Amma a duba wane ruwa ne sauro ya fi so. Sabon ruwa mara zurfi wanda ba kowa a cikinsa, irin na sawun shanu, da ramin da aka haƙa jiya, da tsohuwar taya, da gwangwani, da kwatar da ta toshe. Cikin kamar kwana goma ya gama girma ya tashi, tun kafin wani maƙiyinsa ya iso. Tsohon tafki mai ciyawa da kifi da kwaɗi da 'ya'yan mazari kuwa, ƙwan da sauro ya saka a ciki da yawa ba sa kai labari. An ma taɓa gwadawa a birnin Yangon na ƙasar Bama, aka riƙa saka 'ya'yan mazari cikin durom-durom na ruwan gidaje, sauron da ke haihuwa a ciki ya ragu ƙwarai, rahoton ya fito a 1990. To mu me muke yi wa namu tafkin? Shara da leda da mataccen batir can ake kaiwa. Manomi ya gama feshin gona ya zo ya wanke tankinsa a ciki. Wani ma maganin ƙwari yake zubawa don kifi ya taso ya kwasa. Duk abin da ke ciki ya mutu, kuma wa kike jin zai fara dawowa? Mai kwana goma, ko mai wata da watanni? Daga nan sai mu ce sauro ya yi yawa bana, mu sayo fiya-fiya mu fesa a ɗakin da jariri ke kwana. Ba mu kaɗai ba ne kuma, a 2021 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta ce cikin nau'in mazari da danginsa 6,016 da aka bincika, kashi 16 cikin ɗari na fuskantar ƙarewa, saboda ana cike fadamu da tafkuna ana gurɓata su.

Abin da na iya yi a gidana kaɗan ne. Na sa an fasa siminti a kusurwa biyu, na dasa bedi da zogale da lalle. Na ajiye kasko a gindin bedin ina zuba ruwa, duk bayan kwana biyu in zubar in wanke in sake, don kada sauro ya samu kwanakinsa. Randa da durom a rufe suke. Kurciya ta fara zuwa, sai 'yan jajayen tsuntsayen nan da ba sa tsoron mutane, sai ƙadangaru, har bushiya na taɓa gani da asuba. Mazari kan biyo wani lokaci ya zauna a kan igiyar shanya ya wuce, don ba gidansa ba ne.

Sai daji. Nan ne ƙorafina ya fi nauyi, nan ne kuma nake jin tausayin marubutan. A littattafanmu daji wuri ɗaya ne, inda boka yake, inda kishiya ke zuwa a yi mata asiri, inda ake yar da jariri, yanzu kuma inda ake kai wanda aka sace. Na ƙarshen nan ba ƙarya suka yi ba. Mu mutanen yammacin Katsina ba mu bukatar a ba mu labari. A watan Fabrairun 2020 aka shiga Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari aka kashe mutum 30. A Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara aka nausa daji da su. A 2021 gwamnatin jiha ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da Batsari da Safana. Yaron da aka haifa a shekarun nan in ya ji an ce Rugu, bindiga yake gani.

Amma Rugu ta girmi bindiga. Can iyayenmu ke samo zuma da ɗinya da faru da ɗorawa da kaɗanya, can ake samo saiwar da ake dafa wa mai jego, can makiyayi da manomi suka yi shekaru suna gaisawa a bakin mashaya ɗaya. Tun kafin tashin hankali gatari ya riga ya shiga, ƙirya da marke suka koma buhunan gawayi, mu matan birni kuma mu ne masu saye, kada mu manta da wannan. Idan littafi bai riƙe wa yara sunayen itatuwan nan ba, ranar da aka samu lafiya aka ce a mayar da daji, me za su mayar? Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ga irin wannan ƙwaƙulewar ƙasa, tun daga 1983 manomansu suka fara abin da suke kira sassabin zamani, wato in an zo sharar gona ba a tumɓuke tohon kututture, sai a zaɓi reshe mai ƙarfi a bar shi a rage sauran. Da wannan kaɗai aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Sun iya ne don manomi ya san wannan tohon gawo ne, wancan na kalgo, wancan na sabara.

Na taɓa faɗa wa wata ƙawata marubuciya duk wannan. Ta ce, "Haba Yaya, wa zai sayi littafin ƙwari? Mata hutu suke nema, sun gaji da ganin ƙasa da kwata." Na ce ban ce ki fasa gidan Alhaji ba, bar shi da get ɗinsa da motocinsa. Amma ki sa tsamiya ɗaya a lambun, ki kira ta da sunanta. Ki bar yarinyar ta tuna fadamar garinsu. In jikinta zai yi rawa kamar mazari, to ta taɓa ganin mazarin mana. Ta yi dariya ta ce za ta duba. Littafinta na gaba ya fito, na karanta, furanni kala-kala ne masu ƙamshi.

Garkar kakata Gwaggona ce ta gaje ta, ita ta riƙa nomanta har shekarar 2020 da suka kwana uku a cikin gero suna jin harbi, gari ya waye suka ɗauko abin da kai zai iya ɗauka suka shigo Batsari. Ɗaki ɗaya aka ba ta a gidan wani ɗan'uwa, tsakar gidan siminti ne. Da na je gaishe ta da sallar da ta wuce na tarar ta samu tsohon bokitin fenti ta cika da ƙasa ta shuka yakuwa a bakin ƙofa. Muna cikin hira wani yaro ɗan garinmu ya shigo, ya je ƙauyen ya dawo a kan babur. Ba ta tambaye shi ɗakinta ba, ba ta tambayi rumbu ba, ta san abin da ya same su. Cewa ta yi, "Kai ɗan nan, ka bi ta fadama? Gawon nan yana nan?" Ya ce yana nan Gwaggo. Ta ce, "Bado fa, ya fito bana?" Ya ce shi bai lura ba.